Tilas Ba Ta Rasa Ɗakin Kwana: Rayuwa a Bayan A-kori-kura a Amurka

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ke yawan leƙa YouTube ko TikTok, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan hoton bidiyo ba: wani Ba'amurke ya faka motarsa a-kori-kura a bakin tafki, motar ta goyo wani ɗan ɗaki a bayanta kamar kunkuru, ya buɗe ƙofa yana kurɓar shayi, yana shaida wa duniya cewa shi da biyan kuɗin haya sun yi hannun riga. Yau yana gindin dutse, gobe yana bakin teku, kuma wai abin da yake kashewa a wata bai kai rabin abin da mazauna gari ke kashewa ba. Wani abokina da mai gidan hayarsu ya ƙara musu kuɗi a tsakiyar zangon karatu ya nuna mini irin wannan hoto, ya ce, "Ka ga mutanen da suka san daɗin duniya."

Wannan magana tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. A nawa ra'ayin, masu wannan rayuwa sun cancanci a girmama su saboda juriyarsu da dabararsu, amma ba su kai a yi sha'awar halin da suke ciki ba. Arhar da ake ta yayatawa ta dogara ne ga abubuwa uku waɗanda babu ɗaya da ke hannun matafiyin: lafiyar motarsa, da filin gwamnati, da ƙarfin jikinsa. Ranar da ɗaya ya kuɓuce, lissafin duka ya rushe. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

Yadda abin yake

Ɗakin da ake magana a kansa akwati ne da ake zurawa a bayan a-kori-kura, a ɗaure shi da sarƙa ko ƙarfe. Gabansa yakan miƙe ya hau saman kan direba, a nan ne gado yake. A ciki akwai ɗan murhun gas, da tankin ruwa, da wurin ajiye kaya, wasu har da ɗan firji da makewayi. A saman rufin akan shimfiɗa farantin sola domin cajin batir. Akwai mai bango tsayayye, akwai kuma wanda ake ɗaga rufinsa idan an yada zango, a sauke shi idan za a tashi. Na biyun ya fi sauƙin nauyi, amma bai kai na farkon tare sanyi ba.

Abin da ya sa wasu suka fi son wannan tsari a kan manyan motocin nan masu kama da bas shi ne, a-kori-kura tana shiga hanyar burji da daji inda babbar mota ba ta iya zuwa, kuma kusan kowane bakanike ya san ta. Bugu da ƙari, ana iya sauke ɗakin a tsayar da shi a kan ƙafafunsa guda huɗu, a tafi gari da motar ita kaɗai. Waɗannan duk gaskiya ne, ba na jayayya da su.

Motar da ita ce gidan

Matsala ta farko ita ce nauyi. Kowace mota tana da iyakar kayan da kamfani ya yarda ta ɗauka, kuma a Amurka akan manna adadin a jikin ƙofar direba. Matsakaiciyar a-kori-kura irin Ford F-150 yawanci abin da take ɗauka bai cika wuce tan ɗaya ba, kuma a cikin wannan lissafi har da direban da duk wanda ya shiga. To amma ɗaki mai bango tsayayye, tun kafin a sa komai a ciki, yana iya kai tan ɗaya ko ma ya wuce. A zuba ruwa lita 100, an ƙara kilo 100 ke nan. A kawo tukunyar gas, da batir, da abinci, da tufafi, da kayan gyara. Kafin a ankara motar ta zauna, birki ya yi rauni, taya ta ɗauki zafi, sifirin ya saki. Mai kuɗi sai ya sayi babbar mota irin F-250 ko F-350 ya huta. Mai neman arha kuwa tsohuwar mota yake saye, ya ɗora mata tsohon ɗaki, ya ce Allah Ya kiyaye. Hausawa dai sun ce arha ba ta ado.

Sai batun mai. Motar da ta goyo ɗaki tana kokawa da iska, saboda haka lita ɗaya ba ta cika kai ta fiye da kilomita 4 zuwa 6 ba. Mu ɗauki kilomita 5. Daga New York zuwa Los Angeles kimanin kilomita 4,500 ne, wato lita 900 ke nan a tafiya ɗaya, ban da dawowa. A watan Yunin 2022 farashin galan ɗaya na fetur a Amurka, wato ƙasa da lita huɗu kaɗan, ya haura dala 5 a karo na farko. Saboda haka duk wanda ya daɗe a wannan harka zai gaya maka cewa sirrin tsimi shi ne a rage tafiya, a sami wuri a zauna mako biyu ba a tada inji ba. A nan ne abin ya ba ni dariya: matafiyin da ya fi kowa iya tattali shi ne wanda ba ya tafiya.

Amma babbar barazana ita ce lalacewa. Mai gida idan motarsa ta lalace, sai ya kai ta gareji ya koma gida ya kwanta. Shi kuwa wannan, ranar da injinsa ya buga a tsakiyar hamadar Arizona, a rana ɗaya ya rasa abin hawa da ɗakin kwana da madafa. Zai biya motar da za ta ja shi zuwa gari, ya biya bakanike wanda a can ake lissafa masa kuɗin aiki awa-awa, sa'an nan ya nemi inda zai kwana har a gama. Gyara ɗaya yana iya cinye abin da ya tara na wata shida. An rabu da mai gidan haya, an koma hannun mai gareji. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Filin da ba nasa ba

Abu na biyu shi ne wurin kwana. Mutane da yawa ba su lura ba cewa abin da ya sa wannan rayuwa ta yiwu a Amurka shi ne yawan filayen gwamnatin tarayya. Hukumar kula da filaye da ake kira BLM ita kaɗai tana riƙe da kusan eka miliyan 245, wato filin da ya ɗara faɗin Nijeriya gaba ɗaya. A yawancin waɗannan filaye, da kuma dazuzzukan gwamnati, mutum yana iya yada zango kyauta. Sai dai da sharaɗi: kwana 14 ne, daga nan ya tashi, a wurare da dama ma sai ya yi nisan mil 25 kafin ya sake sauka. Babu ruwa, babu wuta, babu makewayi, babu mai kwashe shara. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya shiga gari neman ruwa da wurin zubar da ƙazanta, wanka kuwa da yawansu a gidajen motsa jiki suke yi, suna biyan kuɗin wata.

Har ila yau, kusan duk waɗannan filaye a yammacin ƙasar suke. A jihar Nevada kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa na gwamnatin tarayya ne, amma a jihohin gabas abin bai taka kara ya karya ba. Can sai dai mutum ya biya kuɗin sansani kowane dare, ko ya roƙi manajan babban kanti ya bar shi ya kwana a wurin ajiye motoci, yana barci da ido ɗaya domin tsoron a ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare.

Idan hunturu ya shigo, dubban masu irin wannan rayuwa sukan gangara wani ɗan ƙauye mai suna Quartzsite a jihar Arizona, wanda mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba. A kusa da shi hukumar ta ware wuraren da ake iya zama tun daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu da takardar izini guda ɗaya. Shekaru da yawa kuɗin takardar dala 180 ne. A 2024 sai hukumar ta fito da shawarar a ninka shi fiye da sau uku. Wanda ya gina lissafin rayuwarsa a kan dala 180 ba shi da bakin magana, domin filin ba gadonsa ba ne. Kuma da zarar bazara ta kawo kai, zafin wurin yakan haura digiri 43, dole kowa ya sayi mai ya haura arewa ko kan duwatsu. Ashe yanayi ne ke tsara musu tafiyar.

Game da cikin gari kuwa, ƙofa sai ƙara rufewa take yi. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa garuruwa suna da ikon hukunta masu kwana a filayen jama'a, ko da kuwa babu gurbi a gidajen marasa galihu. Cikin waɗanda suka kai ƙarar akwai masu kwana a mota. Wannan ya nuna cewa a idon doka, tazarar da ke tsakanin mai yawon buɗe ido da marar gida ba ta wuce kyan fentin motarsa ba.

Su wane ne a cikin motocin?

Wajibi ne a rarrabe iri biyu. Akwai wanda yake da gida ko ajiya a banki, ko aikin da yake yi ta intanet, ya zaɓi ya zaga ƙasa na shekara ɗaya ko biyu. Idan ya gaji sai ya juya kan mota ya koma. Irin waɗannan ne suka fi yawa a hotunan da muke kallo, kuma wasunsu daga kallon namu ne ma suke samun kuɗin mai. Akwai kuma wanda ba shi da inda zai koma.

Wata 'yar jarida mai suna Jessica Bruder ta yi shekaru tana bin irin na biyun, ta rubuta littafin Nomadland a 2017, wanda aka mayar fim a 2020, ya kuma lashe babbar kyautar Oscar a 2021. Yawancin mutanen da ta tarar dattawa ne, maza da mata, waɗanda rikicin tattalin arziki na 2008 ya raba da gidajensu, ko kuma fanshonsu bai isa biyan haya ba. Fim ɗin ya fara ne da garin Empire na jihar Nevada, inda aka rufe masana'anta ɗaya tilo a 2011, garin ya watse har aka soke lambarsa ta gidan waya. Kada a manta kuma, mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, alhali kuɗin haya bai tsaya jiran kowa ba. A ƙidayar da gwamnati ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024, an sami marasa gida sama da 770,000, kuma masu kwana a mota suna cikin lissafin.

Shi kansa Bob Wells, dattijon nan mai farin gemu da ake ɗauka uban wannan tafiya, bai shige ta don marmari ba. A 1995, bayan aurensa ya mutu a Anchorage ta jihar Alaska, albashinsa ya gaza riƙe gida biyu, sai ya tare a cikin wata tsohuwar motar kaya. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa da hawaye ya fara. Daga baya ne ya saba, ya buɗe shafin intanet yana koya wa mutane, ya kuma kafa taron shekara-shekara a Quartzsite wanda ya fara da mutane kusan 45 har ya kai dubbai. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

A nan ne abu na uku ya shigo, wato ƙarfin jiki. Wanda fanshonsa bai isa ba dole ya bi aikin lokaci-lokaci. Da rani ya yi gadin sansanin gandun daji yana wanke makewayi. A watan Oktoba ya tafi North Dakota ko Minnesota aikin girbin wani tushe da ake yin sukari da shi, awa 12 a tsaye cikin sanyi. Kamfanin Amazon ma ya yi shekaru yana ɗaukar irin waɗannan mutane a rumbunansa gab da Kirsimeti, kuma Bruder ta ba da labarin masu shekara 60 da 70 suna takawa mil goma sha wani abu a kan siminti a rana. To ina ranar da gwiwa ta ƙi? Ina ranar da ido ya daina ganin hanya? Hawa gadon da ke saman kan direba ma sai mai lafiya. Ga shi kuma lasin da inshora da asibiti duk suna neman adireshi, har ta kai wasu suna yin rajista a jihohi irin su South Dakota da Texas da Florida, inda gidansu a takarda bai wuce akwatin wasiƙa ba.

Labarin da aka ƙawata tun asali

Wani zai ce ai masu bidiyo ne suka ɓata abin da ƙarin gishiri. Gaskiyar magana ita ce gishirin ya daɗe. A 1960 shahararren marubucin nan John Steinbeck, yana da shekara 58, ya sa aka ɗora masa ɗaki a kan a-kori-kura ƙirar GMC, ya raɗa mata suna Rocinante, ya ɗauki karensa Charley suka zaga Amurka kimanin mil 10,000. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar, Travels with Charley, ya fito a 1962, shekarar da ya karɓi kyautar Nobel, ya kuma cusa wa mutane da yawa sha'awar bin sawunsa. Har yanzu motar tana ajiye a gidan tarihinsa da ke Salinas a jihar Kalifoniya. Amma a 2010 wani ɗan jarida mai suna Bill Steigerwald ya bi hanyar da ya bi, ya duba wasiƙunsa da rubutunsa na farko, sai ya gano cewa darare da yawa a otal ko gidajen 'yan'uwa da abokai ya kwana, kuma matarsa ta raka shi a wani babban ɓangare na tafiyar. Wannan bai rage wa littafin daɗi ba. Darasin dai shi ne, wanda ya fi kowa iya yabon kwanan mota yana da makullin gida a aljihunsa.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Suna cewa na zaune bai ga gari ba, kuma gara ka mallaki ɗan akwatin da yake naka da ka ƙare rayuwarka kana yi wa mai gidan haya bauta. Suna cewa sun koyi wadatar zuci, domin wanda duk dukiyarsa za ta shiga bayan mota ba ya sayen abin banza. Suna kuma nuna irin zumuncin da ke tsakaninsu: wannan ya gyara wa wancan sola, waccan ta koya wa sabuwar zuwa yadda ake faci da yadda ake kauce wa hayaƙin gas mai kisa a ɗaki rufaffe. Ga matar da ta tsufa ba ta da kowa, ɗakin da take kullewa daga ciki ya fi mata kwanan titi nesa ba kusa ba.

Na yarda da wannan duka, shi ya sa na ce sun cancanci girmamawa. Inda na rabu da su shi ne wurin da ake mayar da dabarar tsira ta zama abin talla. Idan aka ce dattijuwa mai shekara 68 da ke kwana a bayan mota ta sami 'yanci, to an ɗauke wa al'umma nauyin tambayar dalilin da ya sa wadda ta yi aiki shekara 40 ba ta iya kama ɗaki ɗaya. Kalmar 'yanci tana da daɗi a baki, kuma tana rufe bakin mai ƙorafi.

Mu ma ai mun san masu kwana a mota. Duk wanda ya bi hanyar Legas zuwa Ibadan da dare ya ga direbobin tirela da tanka a Ogere, sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, ga buta ga ɗan risho, wani ya yi wata biyu bai ga iyalinsa ba. Ban taɓa jin wanda ya kalle su ya ce sun san daɗin duniya ba. Abin da muke cewa shi ne, "Allah Ya ba da sa'a, Ya kai ku gida lafiya." Mun san neman abinci ne ya fito da su, mun kuma san cewa gida ne ƙarshen tafiyar. Me ya sa idan Bature ne a hamadar Arizona sai idonmu ya ga wani abu daban?

Kammalawa

Tafiya mabuɗin ilmi ce, babu mai musun wannan. Wanda Allah Ya hore wa, ya ajiye kuɗin gyara a gefe, ya auna nauyin motarsa kafin ya ɗora mata ɗaki, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan abin ya ƙi, to ya tafi ya ga duniya, zai ƙaru. Amma wanda ya shiga domin haya ta fi ƙarfinsa, sunan abin da yake yi haƙuri, kuma bai kamata mu ƙawata shi da wani suna ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk lokacin da muka ga irin wannan hoto, mu yi wa mai shi tambaya ɗaya a zuci: idan injin ya buga gobe, ina za ka kwana? Amsar ita ce za ta nuna ko matafiyi ne ko kuwa wanda tilas ta samar wa ɗakin kwana. Abokin nawa dai ya biya ƙarin kuɗin hayarsa yana gunaguni, kuma har yanzu yana kallon bidiyon. Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa matsugunin da zai kira nasa, amin.